Yadda Ake Shirya Gida Don Zafin Bazara Da Ruwan Kwari A Gombe

Duk wanda ya taso daga Bauchi, da zarar ya wuce Tumfure zai hango garin Gombe shimfiɗe a ƙasansa kamar an zuba shi cikin kwano. Wannan gangarar da mota ke sauka ba sai direba ya taka totur ba, ita ce hanyar da ruwan sama ke bi ya sauko mana. Ƙasarmu kuma yashi ce, ba ta da riƙo, ruwa na taɓa ta sai ta bi shi. Tun da aka ƙirƙiri jihar a ranar 1 ga Oktoba, 1996 garin ke faɗaɗa, sannan rikicin Boko Haram ya kawo mana 'yan'uwa da yawa daga Borno da Yobe, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Gonakin da a da suke shanye ruwa yanzu duk sun zama gidaje, kwano a sama, siminti a ƙasa. Kwanon da yake gasa mu a watan Afrilu shi ne dai yake tattara ruwa ya watsa wa maƙwabci a watan Agusta.

Shi ya sa ni ba na raba shirin zafi da shirin ambaliya. Aiki ɗaya ne, kuma lokacinsa ɗaya, daga ƙarshen hunturu zuwa saukar ruwan farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda nake bi, kuma mafi yawan abin da zan faɗa bai fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi ba.

Mataki na farko: ka karanci gidanka da layinku

Kafin ka kashe ko sisi, ka fita ƙofar gida ka tsaya a tsakiyar layi. Ka duba wane ɓangare ne ya fi tudu, ina ruwa ke fitowa, ina yake nufa. Ƙasa ba ta ɓoye wannan ko da rani. Za ka ga inda yashi mai laushi ya kwanta kamar an tankaɗe shi, inda leda da tsumma suka maƙale a gindin katanga, inda ƙasan bulo ya yi fari ya fara zubewa. Duk sawun ruwan bara ne. Ka bi sawun nan da ƙafa har ka ga inda ya faɗa lambatu ko kwari, ka lura da inda hanyar ta tsuke, ko wani ya ɗora shago a kanta, ko kwalbati ya cika da ƙasa. A nan ruwa zai tsaya ya juyo baya.

Sai ka dawo cikin gida da bokiti biyu na ruwa, ka sheƙa a tsakiyar tsakar gida ka tsaya kana kallo. In ya miƙe zuwa rariya, madalla. In ya kwanta a ƙofar ɗaki ko ya nufi bakin masai, ka gano aikinka na farko. Ka kuma gwada tsayin daɓen ɗakinka da na titi. A unguwanni da yawa, bayan an yi kwalta da lambatu, titi ya ɗaga ya bar gidaje a rami, mutum ba ya ankara sai ranar da ruwa ya shigo ta zaure.

Ka tambayi tsofaffin unguwa. Wanda ya shekara talatin a Bolari ko Jekadafari ko Pantami ya san inda ruwa ya kai a ambaliyar watan Agusta na 2004, ya san filin da a da tafki ne kafin a cike shi a yanka fulotai. Irin wannan sanin ba ya cikin takardar fili. In kuma fili za ka saya ko haya za ka kama, kada dillali ya kai ka da rani kaɗai ka biya. Ka koma bayan an yi ruwa mai ƙarfi ka gani da idonka. Filin bakin kwari yana da araha, amma kwarin Gombe ba ya tsayawa inda ka gan shi, kowace damina sai ya ci gaba. An yi ayyukan gyaran manyan kwaruruwa, kamar wanda ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe da Malam Inna zuwa Kagarawal, da na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE), amma ƙananan da ke ɓullowa a sababbin unguwanni sun fi a ƙirga.

Rana ma sai an karance ta. Da misalin ƙarfe huɗu na yamma ka zaga ka ɗora tafin hannu a kowane bango. Wanda ya fi zafi, galibi na yamma ne, shi ne yake riƙe zafin ya sake muku shi cikin dare. Ka san ɗakin da ya fi sanyi a gidan, domin shi za a ba tsoho da mai jego da jariri idan bazara ta tsananta, ko da ɗakin maigida ne.

Mataki na biyu: rufi da inuwa

Yawancin zafin ɗaki daga sama yake zuwa. Ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu tanda ne, ba wani suna. Mai hali ya sa silin, ya kuma bar 'yan kafofi a ƙarƙashin kwano ta bangarori biyu, a rufe su da raga, don iskar da ta yi zafi tsakanin kwano da silin ta sami hanyar fita. Silin da aka toshe ta ko'ina yana tara zafi ne kawai ya sauko da shi da daddare. Wanda ba shi da kuɗin silin ya ɗaura tabarma ko buhuna ko kwali a jikin katakon rufi, ya bar tazara kamar taki guda tsakaninsu da kwanon, ya kuma nisanta su da wayar wuta.

Launin kwano yana da tasiri fiye da yadda muke zato. Yanzu ana yayin kwano baƙi da ruwan ƙasa mai duhu saboda kyau, alhali baƙi zuƙar rana yake yi, fari kuma mayar da ita yake. Mai sabon gini ya zaɓi mai haske. Mai tsohon kwano zai iya shafa masa farin fenti, ko farar ƙasa in kuɗi bai kai ba, sai dai ita farar ƙasa damina na wanke ta, a sake duk shekara. A birnin Ahmedabad na Indiya, wanda ya fito da tsarin yaƙi da zafi tun 2013, shafa wa rufin talakawa fari yana cikin abubuwan da suka riƙe. Tunda ka hau sama, ka yi aiki biyu: ka bi ƙusoshi ka danne waɗanda suka ɗago, ka toshe huda, ka duba katakon da gara ta ci. Iskar da ke zuwa gaban ruwan farko a watan Afrilu da Mayu ita ce take yaye rufi, kuma daga gefen da ƙusa ta saki take kamawa.

Bangon yamma a yi masa inuwa daga waje. Rumfar zana, asabari a kan taga, ko a bar wani abu mai yaɗo ya hau. Labule na ciki yana taimako, amma ya riga ya makara, zafin ya shigo. Maganin dindindin bishiya ce. Darbejiya tana jure ƙishi kuma tana saurin girma, sai dai a ba ta tazara daga gini da masai saboda saiwa. Mangwaro ya fi jinkiri amma inuwarsa ta fi sanyi. Ana shuka bishiya da farkon damina, a kewaye ta saboda awaki, kuma shekarar farko a bazara sai an riƙa ba ta ruwa. Ruwan alwala da na wanke-wanke marar omo ya ishe ta. Tun 2019 gwamnatin jiha ke da shirin dashen bishiyoyi na Gombe Goes Green, mutum zai iya neman tsiro ta nan ko wajen masu sayar da dashe a bakin hanya.

Mataki na uku: ruwa

Kowa a Gombe ya san yadda ruwa ke tsada a bazara. Famfon da ake turowa daga madatsar Dadin Kowa ba ya kaiwa ko'ina, rijiyar burtsatse a wasu unguwannin tudu sai an yi nisa ƙwarai kafin a same shi, ranar da wuta ta ɗauke kuma 'yan garuwa da masu tanka su ƙara kuɗi. Ka yi lissafi da lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da ɗan tsafta, wannan shi ne mafi ƙaranci. Gida mai mutum takwas yana buƙatar lita 120, kusan jarka biyar mai lita 25. Ajiyar kwana uku ta kama lita 360, wato duro biyu. Wannan ajiyar kada a taɓa ta sai an shiga matsi, amma a riƙa juya ta duk mako don kada ta yi wari. Baƙin tankin roba da ke kan rufi a rana ruwansa har ƙona hannu yake yi, a yi masa rumfa.

Kada a raina randa. Wuta na nan ko babu, randar da aka ɗora a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, inda iska ke wucewa, tana ba da ruwa mai sanyi, kuma busasshiyar iskar bazara ita ce ma ta fi sa ta aiki. A kan wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da alayyafo suna kwanaki a ciki ba su lalace ba. Randa dai a ba ta murfi da moɗa guda mai mariƙi, kada kowane yaro ya tsoma kofinsa.

Ga inda aikin biyu suka haɗu. Duk milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. Rufin da ya kai mita goma a tsawo da goma a faɗi, in aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, ya zubo da lita 5,000, duro 25 ke nan daga gida guda. Ka ninka da gidajen layinku ka ga abin da ke haƙa kwari. In ka sa indararo a bakin kwano ka ja ruwan zuwa tanki ko durorin da ka jera, ka rage wa layi nauyi, ka kuma rage wa aljihunka. Ruwan farko da na biyu a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, kuma a kowane ruwa a bar na mintunan farko ya zube. A sa raga a bakin tanki saboda sauro. Ruwan rufi yana wanki da wanka da ban ruwa, amma in za a sha a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin.

Mataki na huɗu: zaman gida idan zafi ya kai maƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yana kai digiri 40 har ya wuce, kuma dare ba ya sanyi kamar da. A bazarar 2024, wadda ta haɗu da azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, mu ma nan mun ji a jikinmu. Tsarin yini ne ke canjawa. Aikin ƙarfi, girki mai nauyi, zuwa kasuwa, a yi su da sassafe ko bayan la'asar. Tsakanin sha biyu da ƙarfe huɗu a nemi inuwa. Birkila da lebura da ɗan acaba da mai tura ruwa ba za su iya zama ba, to su riƙa hutawa a inuwa duk bayan ɗan lokaci, su sha ruwa kafin ƙishi ya kama su, kuma mai aikin da ya ɗauke su ya ajiye musu ruwa, haƙƙi ne a kansa.

Da rana a rufe tagar da rana ke duka, da magariba a buɗe ko'ina iska ta ratsa. Fanka tana da iyaka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka kaɗai iskar zafi take hura maka. A jiƙa jiki ko riga ko zane tukuna, sannan a kunna ta. Masu kwana a tsakar gida su ɗaura gidan sauro. Cunkoso a ɗaki ɗaya marar iska a wannan lokacin yana taimaka wa sanƙarau yaɗuwa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, asibiti kai tsaye. A 2024 Najeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar, in an zo yi a unguwa a fito da yara.

Fitsari shi ne ma'auni mafi sauƙi. In ya yi ja ya ragu, ruwan jiki ya yi ƙasa. Ruwa, kunu, zoɓo marar sukari da yawa, fura da nono, kankana da gurji duk suna taimako. Wanda ya yi gumi sosai ya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai za a ƙara masa, a ƙara wa uwar ruwa da abinci. Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda ko sikila ya tambayi likitansa tun kafin zafin ya kankama yadda zai yi da magani da yawan ruwa. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko na minti biyar ne. Tukunyar gas da jarkar fetur a inuwa, nesa da ɗakin kwana. Kaji da ragon da ake kiwo don layya su ma a ba su rumfa da ruwa.

Tsofaffi su ne suka fi ba ni tsoro, domin ba sa jin ƙishi kamar mu kuma ba sa son damun kowa. Goggona tana zaune a ɗakin da ke kallon yamma, wata ranar Afrilu na shiga gaishe ta bayan azahar na tarar tana kiran sunan yayana da ya rasu da daɗewa. Na ce, "Goggo, ni ne, kin sha ruwa kuwa?" Ta ce, "Na sha da safe, ɗan nan, bar ni in kwanta." Na taɓa goshinta, zafi kamar murfin tukunya, kuma babu ɗigon gumi. Kofin da aka ajiye mata tun safe yana nan cike. Muka fito da ita gindin bishiya, matan gida suka jiƙa zannuwa suka lulluɓa mata, yara suna fifita, aka nemo Keke Napep. Allah ya sa da sauran kwana.

Ka bambance matakai biyu. In mutum yana gumi sosai, ga jiri, ciwon kai, kasala, tashin zuciya ko ɗaurewar jijiya, amma yana cikin hankalinsa, a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In rabin awa ta wuce bai farfaɗo ba, asibiti. In kuwa ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko jijjiga, ko ya suma, jiki ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne mai kisa. Kada a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi. A yi addu'a hannu na aiki: a kwarara masa ruwa a jiki duka, a sa jiƙaƙƙen tsumma ko ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita, a ci gaba da haka har cikin abin hawa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Mataki na biyar: buɗe wa ruwa hanya kafin ya zo

A watan Afrilu, ana tsakiyar zafin, a lokacin ne ake yashe lambatu, domin ƙasar ciki a bushe take, shebur na ɗaukarta cikin sauƙi. Gida ɗaya ba ya iya wannan. In ka yashe naka na ƙasa da kai bai yashe ba, ruwan a ƙofarka zai tsaya. A je wajen mai unguwa ko Jauro, a sanar a masallaci da coci, a sa rana a yi gayya da sassafe daga ƙasan layi zuwa sama. Abin da aka kwaso kada a tara shi a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da shi ciki. A yi karo-karo a ɗauki mota, ko a nemi hukumar tsaftar muhalli ta jiha, GOSEPA, ta kwashe. Al'adar nan ta jiran hadari ya haɗu a tura yara su juye shara a kwata ruwa ya tafi da ita, ita ce take toshe kwalbatin da ke ƙasa, ta jefa gidajen bayin Allah cikin ruwa. Wanda ya ga ana yi ya yi magana.

A cikin gida, a faɗaɗa rariya, in ɗaya ce a ƙara ta biyu, a sa mata raga mai faɗin ido. Katangar da ba ta da mafitar ruwa madatsa ce, ruwa ya taru a bayanta sai ya ture ta. Kada a malale tsakar gida duka da siminti, a bar wani ɓangare ƙasa ko tsakuwa ya sha ruwa, kuma da rana ba ya ɗaukar zafi kamar daɓe. A ɗaga dokin ƙofar zaure da na ɗakuna da bulo ɗaya ko biyu. A ɗaga bakin rijiya da bakin masai su fi tsakar gida tsayi, a yi musu murfi mai kamawa, masan da ya kusa cika a kwashe shi tun yanzu. Ginin ƙasa a yi masa yaɓe, a tara ƙasa a gindinsa ta gangara waje.

Buhun yashi yana aiki in an iya jera shi. Buhun siminti ko na taki, a zuba yashi ya wuce rabi kaɗan, kada a cika shi tim, a naɗe bakin a ƙarƙashi. A shimfiɗa leda mai kauri a jikin ƙofa, a jera buhunan kamar bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa, a tattake kowane layi. Manufa a karkatar da ruwa ya bi hanyarsa, ban da tura shi gidan maƙwabci. Masu zama kusa da ƙaramin kwari su daina ɗiban yashi a gindinsa, su shuka jema ko gamba a jere a gefensa, saiwarsu na riƙe ƙasa. In tsaga ta bayyana a ƙasa tsakanin gidanka da bakin kwari, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, a kwashe iyali daga wannan ɗakin.

Mataki na shida: jaka ɗaya da magana ɗaya

Takardun gida da na fili, na makaranta, katin ɗan ƙasa, katin asibiti, a sa su a leda biyu a ɗaure, a ɗora a kan durowa ko a rataye a sama, a kuma ɗauki hotonsu a waya. A jaka ɗaya a haɗa tocila, ƙaramar rediyo da batir, abin cajin waya, maganin masu ciwo na mako guda, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, kayan jariri da 'yan kuɗi a hannu. Buhunan hatsi a ɗora su kan benci ko bulo. Sai a zauna da iyali a yanke magana: in ruwa ya shigo, gidan wa za a nufa a tudu, ta wace hanya, wa zai ɗauki wane yaro, wa zai kama hannun tsoho. Kowa ya san inda ake kashe wutar gida gaba ɗaya. A ajiye lambar kiran gaggawa ta 112 da ta mai unguwa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar lura da ruwayen ƙasa, NIHSA, kuma na ambaliya, gidajen rediyo suna karantawa da Hausa, a saurara.

Mataki na bakwai: daren da ruwa ya sauko

Ruwan kwari ba ya sallama. Yana iya yiwuwa a unguwarku yayyafi ake yi, amma an tafka shi a tudu, cikin 'yan mintuna kwarin da yake a bushe ya cika ya batse. Abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, da na Mokwa a watan Mayu na 2025, duk mutane suna barci ko suna tashi ya same su. In ana ruwa mai ƙarfi da dare a watan Yuli zuwa Satumba, babba ɗaya ya zauna a farke yana leƙa tsakar gida da ƙofa. Kada kowa ya kwana jikin katanga ko bangon ƙasa da ya jiƙe. Da ruwa ya fara haura dokin ƙofa, a kashe wuta da busasshen hannu, mutum na tsaye a busasshen wuri. In ruwa ya riga ya kai wajen, a bar ta. A fita da mutane tukuna. Talabijin da katifa su jira.

Ruwa mai gudu da ya kai idon sawu zuwa ƙwauri, kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, balle Keke Napep ko babur. Ƙarƙashinsa kuma ba ka san ko kwalbatin na nan ko ya tafi ba. Direban da ya ce zai ratsa, ka sauka. A hana yara da almajirai zuwa kallon ruwa a bakin kwari, domin gaɓar da suke tsaye a kai ruwa na cin ƙarƙashinta. Malaman tsangaya da na Islamiyya su riƙe yara har ruwa ya janye, iyaye kuma kada su yi fushi don an makara.

Mataki na takwas: bayan ya janye

Kada a yi gaggawar komawa ɗaki. Bangon da ya sha ruwa yakan faɗi bayan kwana ɗaya ko biyu, rana na fitowa. A zaga a duba tsaga da gindin gini, a bar mai gyaran wuta ya duba kafin a kunna. A ɗaga kaya da sanda, a sa takalmi, saboda macizai da kunamu suna neman busasshen wuri kamar yadda muke nema. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin ko a ɗaure da igiya, a hana ƙafar motsi a kai shi asibiti. Muna da asibitin masu saran maciji a Kaltungo.

Duk rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga, a ɗauka ya haɗu da na masai. A kwashe ta, a sa mata magani, kafin nan a tafasa ruwan sha ko a sa kulorin a jira minti 30. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar. Wanda ya fara amai da gudawa a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a tafi asibiti ana ba shi a hanya, kwalara tana iya kashe babba cikin yini guda. A zubar da ruwan da ya kwanta a tayoyi da gwangwanaye, kuma in ma'aikatan lafiya sun zo da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara 5, a karɓa a cika kwanakinsa. A ɗauki hoton ɓarnar kafin a gyara, a kai rahoto wajen mai unguwa don ya isa ga hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA.

Kafin ka wanke bango, ka ɗauki ƙusa ka ja layi daidai inda ruwan ya tsaya, ka rubuta wata da shekara. Nawa layin yana zaure, ya kai gwiwata. Da bazarar da ta biyo baya na kira mai wuta ya ɗaga duk soket ɗin gidan sama da shi, na sa birkila ya ƙara bulo biyu a dokin ƙofa, buhunan masara kuma suka koma kan bencin da ya fi layin da taki guda.